Motar Sanyi Zuwa Dutsin Kurciya

Tun da na komo Madawa ban samu sakat ba. A lakwal, makarantar da nake koyarwa, da an buga ƙararrawar hutu malamai 'yan'uwana sun kewaye ni. A kasuwa mai albasa ta riƙe mini gefen zane. Har maƙwabciyata da ba mu cika shiri ba ta shigo wai aron taɓarya, ta zauna sai da rana ta karkata. Kowa so yake ya ji yadda muka kai mahaifina gida cikin motar Illo, kuma labarin da ke yawo a gari ya sha gishiri har ni da aka yi a gabana ba na gane shi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Baba ya bar garinmu, Dutsin Kurciya, can arewa da Keita, tun ina 'yar ƙarama. Ya tsallaka Najeriya ya zauna Sabon Birni yana sayen fata, ni kuwa goggona ta riƙe ni nan Madawa. Da farko yakan leƙa gida bayan kaka, daga baya sai saƙon goro da gaisuwa, daga baya kuma shiru. A bazarar bana aka aiko mini cewa ya kwanta. Yayyena maza duk suna Abijan wajen bida, wato neman kuɗi, saboda haka ni na tafi.

Na same shi cikin ɗakin kwano mai zafi kamar tanda, ƙafafunsa sun kumbura, yana jan numfashi da kyar. Likitan da ya duba shi bai ɓoye mini ba. Ya ce zuciya ce ta gaji, ba sauran abin da za su yi, kuma zafi shi ne babban abokin gabansa. Da na ce za mu kai shi Keita, sai ya dube ni ya ce a motar haya, cikin wannan rana, ba zai kai ko rabin hanya ba.

Baba kuwa magana ɗaya yake maimaitawa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya kama sunana.

"Uwata, ki kai ni gida da raina. Ban son a sa ni ƙasa inda ba wanda yas san sunan tsohona. Ko da yake can ɗin ma, wa yas sani ko akwai mai tuna ni."

Maigidana ne ya tuna da Illo, abokinsa shofer. Illo ya sayi wata mota hannun Turawan nan da ke ratso hamada su sayar da motocinsu su koma ta jirgi. Mota ce mai ɗaki a baya, da gado da 'yar taga da wurin wanke hannu, a bisa rufinta kuma akwai na'urar sanyi, kilim. Sai dai kilim ɗin ba ya aiki da batirin mota, wuta yake so irin ta gida. Don haka Turawan suka haɗa masa da ɗan injin wuta ja, wanda mu muke ce wa gurup, mutanen Sabon Birni kuma janareta. Illo ya sa maƙerin walda ya yi masa keji a bayan motar, ya ɗaure shi ciki, ya zuro waya ta ƙasan taga.

Kafin mu ɗauki Baba, Illo ya zaunar da ni ya yi mini darasi kamar 'yar aji ɗaya. A ja igiya gurup ya tashi, a bar shi muryarsa ta daidaita. Sannan a murɗa kilim zuwa iska kawai. Sai daga baya a murɗa zuwa sanyi, kuma a nan ne gurup zai yi wani nishi kamar jakin da aka labta wa kaya. In ya jure, an tsira. In ya mutu, ba a sake gwadawa nan take, sai an ɗan jira, in ba haka ba kilim ya yi taurin kai. Kada a jona masa komai, ko rediyo. Kada a bar ƙofa buɗe. Kada kuma a kuskura a shigo da shi ciki, hayaƙinsa yana kashe mutum yana barci.

"To in ya ƙi tashi gaba ɗaya fa?" na tambaye shi.

"Ba komi, Madam. Ba ya ƙi."

Wannan "ba komi" ta Illo na ji ta har ta fita raina. Ko taya ta fashe, ko sama ta faɗo, amsarsa ke nan.

Muka baro Sabon Birni da sassafe. Maƙwabtan Baba suka cika mu da burodi da gwangwanin madara, domin su can shayinsu da madara ake sha a babban kofi, ba irin namu na 'yan ƙananan finjalai ba. Suna ta ce wa Illo direba yana waige-waige ya ga da wa ake. Da sanyin ya fara sauka a kan Baba, na ga kafaɗunsa sun saki, numfashin ya lafa, har ya yi gyangyaɗi. Daga wannan lokaci kunnena ya rabu biyu, ɗaya yana kan ƙarar gurup, ɗaya yana kan ƙirjin Baba. Duk abin da za ku tambaye ni na duwatsu da itatuwan hanya, ban gan su ba.

A bakin iyaka, wajen Bangi, wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, ya tsai da mu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya wangale ƙofar baya ya tsaya yana kallo, sanyin da muka tara yana tsiyayewa waje. Na ce masa ya shigo ko ya fita, amma ya rufe. Ya shigo ya rufe, ya zauna bakin gado. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya duba takardunmu, ya juya su, ya sake dubawa. Ya tambayi sunan Baba, ya tambayi nawa, ya sake tambayar na Baba. Ya buɗe akwatin kwanoni ya rufe. Ni dai ina kallo rana tana hawa, esansi, wato man fetur, yana ƙonewa a banza. Baba ne ya buɗe ido ya ce masa:

"Yaro, huta abinka, ba sai ka wahal da takarda ba. Ɗan wane gari ne kai?"

Kunya ta kama shi, ya yi dariya, ya yi wa Baba addu'a ya sauka. Har ya kori wani mai amalanke da ya tare mana hanya.

Nan bakin iyakar Illo ya sayi esansin kwalba ya ƙara wa gurup, wai ya fi araha. Ba mu yi nisa ba injin ya fara tari yana fitar da baƙin hayaƙi, ashe an gauraya man da kananzir. Haka muka lallaɓa har Madawa, yana ɗaukewa yana dawowa, ni kuma duk ɗaukewar da zai yi sai in duba ƙirjin Baba. Illo ya ce ba komi. Na ce masa in ya sake faɗin haka zan sauka in tafi da ƙafa.

A Madawa muka kwana, motar a ƙofar gidana, Baba a cikinta, don ɗaga shi ma wahala ce. Nan na gamu da abin da ban yi tunaninsa ba, wato 'yan dubiya. Ku kun san mu, ba a jin majinyaci ya iso a zauna. Unguwa ta taso, kowa da kwanon kununsa, kowa yana so ya shiga ya ce sannu. Ni kuwa na san kowace buɗe ƙofa sanyi ne ya tafi. Sai na zama dogari, ina shigar da su da bibbiyu ina ƙirga musu numfashi. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an kulle majinyaci awa kayan sata ba. Har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau. A yammacin nan na samu wani shofer na kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Keita, na ba shi saƙo ya kai wa ƙanen mahaifina, Baba Ƙarami, cewa gobe muna tafe da Baba cikin motar sanyi, su shirya masa wuri.

Bayan asuba muka kama hanyar Buza. Daga inda kwalta ta ƙare sai jar ƙasa mai gargada, motar tana kakkarwa, haƙora suna haɗuwa. In Illo ya yi gudu, gurup ya yi ta tsalle cikin kejinsa har ya shaƙe. In ya tafi a hankali, rana ta cim mana. Ƙurar da tayoyinmu ke tayarwa kuma duk a kan gurup take sauka. Ya yi ta mutuwa. Kowane karo Illo ya tsaya, ya ciro wani soso daga cikinsa, ya wanke da esansi, ya matse, ya mayar, mu jira, ya ja igiya. A wannan jiran ɗakin yakan ɗumame da sauri, in ga gumi ya tsattsafo a goshin Baba, in rasa inda zan sa raina.

"Uwata," in ji Baba a wani tsayawar, "ni da wanga inji, wa za ya riga wani?"

Shi dariya yake yi. Ni ban ga abin dariya ba, sai na juya fuska ina gyara labule.

Rana ta take tsaka muka shiga Buza. Muka sauka gidan Iya Mariya, matar wani tsohon abokin Baba da ya rasu. Illo ya tura motar ƙarƙashin bedin ƙofar gida, wato itacen dogon yaro, amma inuwar ba ta kai bayanta ba, gurup yana cikin rana. Ya tafi neman buji, wato fulogin injin, da yin salla. Baba ya yi barci, Iya ta ja ni cikin gida ta ce sai na sa wani abu a cikina. Ta dama mini fura mai tsami da nonon shanu, ta kawo kwaɗon zogala da ƙuli, yaji ya ji. Ban san yunwa nake ji ba sai da na ga ƙasan ƙwarya.

Ina cikin wanke hannu sai na ji shiru, ƙarar gurup ta ɗauke. Na fita da gudu ba ko takalmi. Abin da na tarar, an lulluɓe gurup da tabarma, an ɗora tsohon bargo, an danne da dutse don kada iska ta yaye. Wari yake yi kamar tukunyar da ta ƙone.

"Wa ya yi wannan?"

Iya ta biyo ni tana tafa hannu. "Ni nis sa a yi mai inuwa, ɗiyata. Tun ɗazu shina ta kuka cikin rana, mu muna zaune cikin sanyi. Ai ko dabbar baƙo ba a bari hakanan."

Na yaye kayan, ƙarfen ya ƙona mini yatsa. Na shiga wurin Baba na same shi ya farka, bakinsa buɗe, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, idanunsa suna nemana. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Na ce shi ke nan, a ƙofar gidan mutane zan rasa shi, ba Sabon Birni ba, ba gida ba. Illo ya iso, ya taɓa injin ya janye hannu, kuma a karo na farko bai ce ba komi ba. Ya ce sai ya huce, ba yadda za a yi.

Iya ba ta tsaya ba da haƙuri ba. Ta kira matan gidan, aka kawo ruwan randa da zannuwa, muka jiƙa muka shimfiɗa wa Baba a ƙirji da goshi. Suka jeru da faifai suna yi masa fifita, in hannun wannan ya gaji waccan ta karɓa. Ni ina riƙe da hannunsa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can na ji Illo yana jan igiya, ya ja, ya sake ja, injin ya yi tari ya kama. Na murɗa iska. Na jira. Na murɗa sanyi, gurup ya yi nishin nan nasa, ya yi ƙasa kamar zai tafi, sannan ya miƙe. Iya ta zauna a ƙasa daɓas tana share hawaye da bakin zane. Da za mu tashi ta cusa mini tulun ruwa da faifai guda, ta ce in riƙe ko don gaba.

Da la'asar muka shiga Keita. Illo ya tsaya tasha zai ƙara ruwa a mota, na sauko in miƙe ƙafa. Sai ga wani mutum ya nufo ni, kansa a sunkuye. Da kyar na gane shi, Ɗan Jimma ne, babban ɗan Baba Ƙarami. Ya durƙusa.

"Ya haƙuri, Hadiza? Allah shi jiƙan Baba, shi sa ya huta."

Na waiga wajen motar, don na zaci ya ga abin da ban gani ba. Na leƙa ta taga, ga Baba yana barci, ƙirjinsa yana motsi.

"Wane ne ya ce maka ya rasu?"

"Ke kinka aiko. Shofer yac ce ana kawo shi cikin motar sanyi, a shirya mai wuri. To wa aka sawa cikin sanyi in ba gawa ba? Hakanan anka kawo ɗan sarki daga Yamai bara waccan. Tun cikin dare anka aika ƙauyuka. Ni an turo ni in tarbe ku in gwada muku hanya."

Na tambaye shi ko an yi gini, wato an haƙa kabari. Ya ce tun da hantsi aka gama.

Na ja shi na nuna masa ta taga. Ya daɗe yana kallo, ya ja da baya yana salati. Na roƙi Illo mu samu wanda zai riga mu isa ya warware maganar, amma ba mota mai zuwa can, mai raƙumi kuma ba zai riga mu ba. Kwana a Keita ma ba zai yiwu ba, esansin da ya rage ba zai kai mu gobe ba. Sabon tsoro ya hau kan tsohon. Mutumin da zuciyarsa ke rataye da zare, ya buɗe ido ya ga makararsa, me zai faru? Na gargaɗe su kada wanda ya ce masa uffan. Ɗan Jimma ya shiga gaba kusa da Illo, kuma duk tarin da Baba zai yi sai ya zabura.

Daga Keita zuwa garinmu ba hanya ba ce, sawun jakuna ne cikin duwatsu. A wani gangare motar ta daki dutse, gurup ya yi tsit. Illo ya sauka, ya wanke soso, ya jira, ya ja igiya, sai igiyar ta biyo hannunsa, ta tsinke daga ciki. Ya tsaya yana kallonta. Na ce masa ya bar shi, ya tuƙa kawai. Na buɗe tagogi duka, na jiƙa zane da ruwan tulun Iya, na kama fifita. Iskar da ke shigowa mai zafi ce, numfashin Baba ya fara gajarta, ina jin kowane ɗaya kamar daga ƙirjina ake ciro shi. Na yi ta ce masa saura kaɗan, alhali ni kaina ban san saura nawa ba.

Can Baba ya ɗaga yatsa. "Shin ba daka nika ji ba?"

Na kasa kunne. Da gurup yana ruri ba mu jin komai na waje, yanzu kuwa ga sautin taɓare da yawa, ba na gida ɗaya ba.

"Wanga daka ya yi yawa," ya ce. "Biki aka yi?"

Na ce ban sani ba.

Muka hau tudun ƙarshe rana tana shirin faɗuwa. Ta taga na hango ƙofar gidan kakana, maza zaune a kan tabarmi jeri-jeri har bakin masallaci, ga jakuna da raƙuma a ɗaure, ga Fulani da Buzaye da rawunansu. Da suka ga motar suka miƙe gaba ɗaya. Wasu samari suka nufo mu ɗauke da makara. Ɗan Jimma ya yi tsalle ya fita yana ɗaga hannuwa, amma kafin ya kai gare su Baba Ƙarami ya riga ya buɗe ƙofar baya. Tsoho ne shi ma, ya hawo da kyar, idonsa a ƙasa, yana cewa daga Allah muke.

"Habu," in ji Baba, "ka tsufa."

Baba Ƙarami ya dafe bango. Ya dubi yayansa, ya dube ni. Sai ya zube a bakin gadon ya kifa kansa a ƙafafun nan masu kumburi yana kuka kamar yaro. A waje na ji maganar tana bin jama'a, salati yana tashi daga wannan gefe zuwa wancan.

Baba ya ce in tashe shi zaune. Ya leƙa ta ƙofa, ya ga taron, ya ga makarar da samarin suka rasa inda za su ɓoye ta. Na riƙe shi gam ina jiran abin da nake tsoro.

"Uwata, wa yar rasu?"

Ba yadda zan yi, na gaya masa. Na ce saƙona ne aka juya, sun zaci shi ne.

Ya bi fuskokin da ido. Sai ya fara kiran sunaye a hankali, wane ɗan wane, wane na gidan wane, wancan ai tare muka yi kiwo. Numfashinsa yana nan da nauyinsa, amma bai fasa kiran sunayen ba.

"Dut waɗanga don ni sunka zo?"

"Don kai, Yaya," in ji Baba Ƙarami. "Wasu tun da sahe."

"Ashe da sun zo," ya ce, ya sake cewa, "ashe da sun zo."

Aka ɗauke shi a kan tabarma aka shimfiɗe shi ƙofar gida inda iska ke bi. Tuwon da aka tuƙa don sadaka aka ci shi a gabansa, har ya sa aka ba shi loma. Mutane suka yi ta zuwa suna riƙe hannunsa, ni kuwa ban hana kowa ba. Kafin a kira isha'i ya jawo ƙanensa ya tambaye shi inda aka yi ginin. Baba Ƙarami ya yi ta kauce-kauce, daga bisani ya ce kusa da na mahaifiyarsu.

"Madalla. Kada ku cike shi. Ku ruhe da kara, kada awakin mutane su hwaɗa."

Illo ya juya da motarsa washegari. Ni na zauna. Baba ya ga saukar ruwan farko, ya sa aka kai shi bakin gonar gidansu ya ga an yi shuka. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, yana jingine da ƙanensa, Allah ya karɓi abinsa. Aka yaye karan, kuma duk waɗanda suka zo da farko suka sake dawowa. Wanda ya karanta wannan, ya sa shi cikin addu'a.